Hoton Da Na Tura Ya Kori Maƙwabciyata Daga Abuja

Assalamu alaikum Edita, da sauran masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan tona cikina a nan ba. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da ɗaya. Na gama sakandare a garinmu, sakamakon bai kai in shiga jami'a ba, sai yayata da ke aure a Durumi ta ce in zo in zauna da ita in nemi abin yi. Mijinta direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, ta hanyarsa na samu aiki a shagon wata Hajiya, babbar ma'aikaciya a wurinsu, wadda ke da shagon atamfa da leshi da abaya a cikin gari. Ni yarinya ce mai shiru, amma shirun nawa ba na kunya ba ne kaɗai. Ina jin Turanci, ina karantawa, sai dai in na buɗe baki zan yi sai harshena ya sarƙe, in ga kwastoma ta yi murmushin nan na gefen baki. Babban burina a lokacin shi ne wata rana in yi magana a cikin 'yan boko, su yi shiru su saurare ni. Ban san burin zai cika ba, kuma ban san wadda za ta ɗauki nauyinsa ba.

A gidan da muke haya ɗakuna tara ne a jere, famfo ɗaya, banɗaki biyu. Ɗakin da ke jikin namu wata 'yar Filato ce a ciki, ita da mahaifiyarta da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ta girme ni da kamar shekara shida. Sista nake ce mata, kowa a gidan ma haka yake kiran ta, tsohuwar kuma Mama. Sista aikin gyaran kifi take yi a kasuwar Kado. Wanda ya taɓa zuwa ya san yadda ake yi: ka sayi kifinka, ka kai wa masu gyara su kankare ɓawo, su cire kayan ciki, su daddatsa maka a kan gungumen katako. A layin da take aiki duk maza ne, ita kaɗai ce mace. Kanta a aske yake kullum, ta ce ƙarnin kifi in ya shiga kitso ko da sabulun wanki ba ya fita. Wando take sawa da takalmin ruwa, wai zani ba ya minti goma a wurin bai jiƙe da jini ba. Tafiyarta da sauri, muryarta a buɗe. Masu keke napep na bakin layinmu sukan tsokane ta da oga, ita kuma ta ce su zo su gaida ogansu da kyau mana, su durƙusa.

Ita ta fara koya mini Abuja, ta nuna mini motar da ake shiga da wadda ba a shiga. Ran da wani kwandasta ya ja mini hijabi yana zagina, ita ta sauko ta sha gabansa har sai da ya ba ni haƙuri. Hausarta irin ta mutanen can ce, kai take ce mini kamar namiji, tana kira na Hajiya ƙarama, wai tunda ina aiki da masu hali na kusa fara yi musu yanga. Kirista ce, amma da azumi da wuya ta dawo ba ta miƙo wa yayata kan tarwaɗa na farfesun buɗa baki ba. Wata rana muna wanki na tambaye ta cikin wasa yaushe za mu sha biki, ta ce in bar ta da ciwon kan kifi, ba ta da wurin ajiye na namiji. Muka yi dariya, magana ta wuce. Wallahi wannan ita ce kaɗai maganar da ta taɓa shiga tsakanina da ita a kan wannan ɓangare na rayuwarta.

Sai 'yar Hajiya ta dawo hutu daga jami'arta ta ƙasar waje. Sa'ata ce, watanni ne tsakaninmu, amma Anti nake ce mata. Ba ta da girman kai, gaskiya. In zaman gida ya ishe ta takan zo shago ta zauna a gaban fanka, abin ji a kunne, tana ta gardama da waya. Da na tambaye ta da wa take faɗa haka, sai ta sa mini abin jin ɗaya a kunnena. Ashe wani ɗakin hira ne na murya a dandalin sada zumunta, inda matasa, yawancinsu 'yan Arewa, na gida da na waje, suke haɗuwa duk Lahadi bayan la'asar. Abin da suke tattaunawa shi ne maganar masu son jinsinsu, da waɗanda suke ganin jikin da aka haife su da shi ba nasu ba ne, da sunayen da kowane rukuni yake kiran kansa da su. Anti ta ce ita ba ta cikinsu, mai goya musu baya ce kawai. Ta karɓi wayata ta saka ni, ta ce in riƙa sauraro, zan ƙaru.

Ɗakin yana da wata doka da ban taɓa jin irinta ba. Kafin a ba ka makirfo sai ka fara faɗin ko kai wane ne, da sunan rukunin da kake ciki, sannan ka jero gatan da kake da shi. Sai ka ji yarinya ta ce ita mace ce mai son maza, fasfonta biyu, babanta mai hali ne, saboda haka ta san matsayinta, za ta taƙaita. Sai kuma ta yi minti ashirin tana magana. Wanda gatansa ya fi yawa shi ake cewa ya yi shiru, wanda ya fi rashin gata shi ke da bakin magana. A kan wannan suke raba hali kullum. Na gida su ce wa na waje ku da kuke zaune inda ba mai taɓa ku, me kuka sani. Na waje su ce ai ku ma 'yan gata ne, akwai mai gadi a ƙofar gidan ubanku. Wata rana suka yi awa biyu a kan ko mai son maza da mata duka tana da ikon kuka, tunda in ta ga dama gobe za ta yi aure ta ɓace cikin jama'a. Wata Lahadin kuma gardamar ita ce ko kalmar ɗan daudu zagi ce da ya kamata a binne, ko kuwa gado ce da ta fi sunayen Turawa. Kowa da haruffansa da 'yar tuta mai launi a jikin sunansa.

Ni musulma ce, kuma tarbiyyar da aka yi mini ban sauka daga kanta ba. Akwai maganganun da in na ji sai in cire abin jin in yi istigfari. Amma Lahadi na zagayowa sai in koma. Dalilin, in zan faɗi gaskiya, shi ne a duk rayuwata ban taɓa ganin wurin da talauci yake zama sarauta ba sai nan. Na riƙa lissafawa a raina: ni ba fasfo, ba digiri, ɗaki ɗaya muke kwana da yaran yayata. In da za a ba ni makirfo ai duk sai sun yi mini shiru.

Lahadi ta huɗu aka ba ni. Ina zaune a ɗakinmu ni kaɗai, yayata ta tafi suna da yara. Gardamar ranar a kan mata masu shigar maza ce, ko su suka fi shan wuya a ƙasar nan. Wata da ke magana daga waje ta ce ai a Arewa babu macen da za ta iya fita da irin wannan shigar, duk masu maganar a littafi suka karanta. Sai na ji muryar Anti tana cewa a dakata, akwai wata a ɗakin nan da ke zaune a Durumi, mai tsaron shago ce, sakandare kawai ta yi, ta fi su duka sanin titi, a ba ta dama. Na fara magana da Turancina mai tuntuɓe, sai mai kula da ɗakin ta ce in yi da Hausa, harshena ne, kada in ba kowa haƙuri. Na jero rashin gatana ɗaya bayan ɗaya, ina gani zukata da tafi suna ta tashi a fuskar wayar. Mutum fiye da ɗari, kowa ya yi tsit. Edita, ban taɓa jin daɗi irin na wannan minti biyar ɗin ba. Da na ga maganata ta kusa ƙarewa, za a karɓe makirfon, sai na ce ai ni na san irin macen da suke magana a kai, bango ɗaya ne tsakanina da ita.

Daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa, ni kuma ina ta amsawa. Na ce tana aski, tana sa wando, tana aiki cikin maza, ita kaɗai ce mace a layin masu gyaran kifi a Kado. Ban faɗi sunanta ba, kuma a raina ina ganin na yi dabara. Aka ce tana da saurayi, na ce ban taɓa gani ba. Aka ce ta taɓa maganar aure, sai na ba su labarin ranar wanki, suka yi ta shewa. Nan take suka fara rabon ta. Wata ta ce wannan ai a fili take, mai son mata ce. Wani ya ce a'a, ku daina rage mata matsayi, namiji ne a jikin mace, bai samu kalmar ba ne kawai saboda talauci. Wata ta uku ta yi musu faɗa, ta ce ba daidai ba ne a laƙaba wa mutum suna ba ya nan, sai kuma ita ma ta kawo nata sunan na Turanci da ta ce shi ya fi dacewa. Duk wannan ana yi ina jin Sista ta bango tana lallashin Mama ta ƙara cokali ɗaya na kunu.

Bayan an tashi, mai kula da ɗakin ta yi mini magana ta gefe. Ta yabe ni, ta ce na buɗe musu ido. Ta ce suna haɗa fosta ta jaruman da ba a gani, ko ina da hoton maƙwabciyar, za a rufe fuska, ba wanda zai gane. Ina da shi. Jajiberin Sallah yayata ta aike ni Kado, Sista ta ɗaga wata ƙatuwar tarwaɗa da hannu biyu tana dariya, na ɗauke ta. Na ɗora sitikar fure a kan fuskarta, na tura. Gungumenta yana ciki, da takalmin ruwanta, da rumfar ogan da take wa aiki a bayanta. Ko kallon su ban yi ba. Fuska kawai na sani ana gane mutum da ita.

Ranar Alhamis da hantsi ina shago, yarinyar da ke tsaron shagon takalma kusa da namu ta shigo da gudu, wai in zo in ga abin da duniya ta zama. Ta miƙo mini wayarta. Hoton ne. An kewaye shi da tutar nan mai launuka, an yi rubutun Turanci a sama ana kiran ta jaruma. Amma ba daga ɗakin hirar ya fito ba. Wani shafi ne na masu farautar irin waɗannan mutane ya ɗauko shi, ya ƙara nasa rubutun da Hausa da manyan baƙaƙe, cewa ga 'yar maɗigo a kasuwar kifi ta Kado, nasu ne da kansu suka tabbatar. Na duba ƙasa inda mutane ke sharhi. Wani ya ce ya san ta, ita ke gyara masa kifi. Wata ta ce innalillahi, ashe da hannun nan muke ci. Wani ya ce a bar su da ita, yau ma suna hanya. Na zauna a kan dilar atamfa. Yarinyar tana ta cewa ai ko ni abin ya girgiza ni ko.

Na kira Anti, ta zo da motarta. Da ta gani ta dafe ƙirji tana ta salati da Turanci. Ta kira mai kula da ɗakin, ba ta ɗauka ba, ashe a ƙasar da take gari bai waye ba. Anti ta ce in kwantar da hankalina, za su sa a goge, za su fitar da sanarwa. Na ce Anti, sanarwar ce za ta tare mutanen kasuwa? Na kira Sista ya fi sau goma, amma na san in tana aiki wayar tana ƙulle a leda cikin jaka. A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi hana ni sukuni. Kado ba nisa gare ta ba. Da na rufe shagon na roƙi Anti ta kai ni, da na janye ta kafin su iso. Amma na ji tsoron Hajiya, na ji tsoron Sista ta tambaye ni yadda aka yi na sani. Na zauna ina auna wa kwastoma yadi har ƙarfe biyar.

Da na isa gida na tarar da mutane cike a tsakar gida. Wata mata 'yar cocinsu mai sayar da busasshen kifi ce ta kawo Sista a keke, ita ta ba mu labari. Ta ce wajen azahar wasu samari suka shigo layin da waya a hannu, suna duba hoto suna duba rumfuna. Ba su sha wahala ba. Suka kewaye Sista, suka kai mata wayar har hanci, wani ya ce a tuɓe ta a gani mace ce ko namiji. Suka yaga mata riga, suka juye mata bahon ruwan kifi, wani ya maka mata katako a baya, wayarta ma a nan aka tattake ta. Mazan da ta yi shekara bakwai tana aiki da su suka sunkuyar da kai suna ta datsa kifi. Matan da ke sayar da busasshen kifi ne, musulminsu da kiristansu, suka yi kukan kura suka lulluɓe ta da zani, suka tura ta wani shago suka kulle. Ogan nata ya aiko cewa kada ta dawo, shi ba shi da matsala da ita, amma kwastomomi za su gudu.

Kafin magariba mai gidanmu ya aiko cewa ya ba Sista da Mama kwana uku su tashi, wai an yi masa waya an ce za a zo, shi kuma ba zai bari a ƙona masa gida ba. Matan coci suka zo suka kewaye ta da addu'a, suna cewa ta faɗi gaskiya ta tuba. Matan gidanmu suna leƙe ta taga. Sista ba ta ce wa kowa e ba, ba ta ce a'a ba. Mama tana kwance tana kuka da rabin baki, tana tambayar me 'yarta ta sata. Ni ce na dafa ruwa, na kawo tawul, na yi ta gasa mata bayan da ya kumbura ya yi baƙi. Ina matse tawul ina cewa sannu Sista, Allah ya isar miki. Har da bakina na faɗi haka.

Washegari da safe na kai mata koko. Tana zaune a bakin ƙofa, ta ce in ajiye in zauna. Ta yi maganar a hankali don kada Mama ta ji. Ta ce tun lokacin da samarin suka kai mata wayar fuska ta gane tarwaɗar, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa sa ta ɗaga kifi don hoto. Ta ce jiya ta yi shiru ne tana jira ta ga ko zan faɗa da kaina, sai ta ga ina ta matse tawul. Na durƙusa ina kuka, na faɗa mata komai, ɗakin hirar, da dokar gata, da makirfo. Ta tambaye ni me suka ba ni. Na ce ba komai, saurarona kawai suka yi. Ta yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Ta ce to su waɗannan masu ilmin, a ƙarshe me suka yanke, ita mece ce? Ta ce, Hajiya ƙarama, shekara uku bango ɗaya, da ka ƙwanƙwasa ka tambaye ni. Da na ce maka ba ruwanka, amma da yanzu ina kasuwa.

Ranar ba ta ƙare ba nawa ya iso. Ashe an naɗi hirar, muryata ta fara yawo tare da hoton. Mijin yayata ya ji ta a wayar abokin aikinsa, ya gane ni. Kafin la'asar magana ta canja a unguwa, wai ai ni ce matar tata, kishi ne ya sa na tona mata asiri. Yayata ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, tana kuka tana cewa in dubi girman Allah in gaya mata, ni ma haka nake? Na rantse mata da duk abin da na sani, amma na ga idonta bai gama yarda ba. A ranar na ɗanɗana kaɗan daga abin da na jawo wa Sista: a tambaye ka ko kai wane ne, alhali an riga an yanke. Hajiya ta kira ni ta karɓi makullin shago, ta ce ni na kawo wa 'yarta ƙazantar unguwa. Ban ce mata 'yarta ce ta saka ni ba. Cikin kwana biyu aka sauya wa Anti tikiti ta koma makaranta. Daga filin jirgi ta turo mini saƙon ban haƙuri mai tsawo, da fuskokin kuka. Na yarda har zuciyarta ta yi nadama. Amma ita jirgi ta hau.

Ranar Asabar da safe wani ɗan uwansu ya zo da a-kori-kura. Aka loda katifa da tukwane da kujerar Mama. Da Sista ta fito sai da na kasa gane ta. Zani ta ɗaura, da ɗankwali har goshi, don kada a gane ta a hanya, tana tafiya a hankali kamar mai koyo. Ni da ita muka ɗauko Mama muka sa ta gaban mota, ba mu kalli juna ba. Mama ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta ce Allah ya yi mini albarka, ni kaɗai ce na tsaya musu a gidan nan, in riƙa kiran su. A nan na gane Sista ba ta gaya mata ba. Na buɗe baki, Sista ta girgiza mini kai sau ɗaya, ta hau baya ta zauna a kan katifa. Ban san garin da suka nufa ba.

Washegari Lahadi na shiga ɗakin hirar, ban san me nake nema ba. Maganar suke yi. Na gida suna cewa laifin na waje ne da suka haɗa fosta, na waje suna cewa laifin 'yan gatan gida ne da suka kawo yarinyar da ba ta san komai ba. Wani ya ce ni maciya amana ce, ya ba ni wani suna na Turanci ni ma. Kuma wallahi har a ranar akwai masu gyara wa juna sunan da ya kamata a kira Sista da shi. Mace ɗaya ce, ba zan ci haƙƙinta ba, ta biyo ni ta gefe ta tambayi inda Sista take kwana da yadda za a taimaka mata. Na ce ta tafi. Kafin a tashi aka cire ni.

Yau wata biyar ke nan ina Kurudu wurin gwaggona. Ba na aiki. In zan fita sai na sa niƙabi, in na ga samari biyu sun haɗa kai a kan waya ɗaya sai in canja hanya. Na sha tambayar kaina ko wannan wasiƙar ma ba sake ba da labarinta ba ne ba tare da izininta ba. Na canja wasu abubuwa, kuma waɗanda za su cuce ta sun riga sun yi. Na rubuta ne saboda na san akwai irina da yawa, 'yan mata masu waya da ƙishin a saurare su.

Har yau ban san ko abin da aka faɗa a kan Sista gaskiya ne ko ƙarya ba, kuma na gane ba hurumina ba ne in sani. Abin da na sani shi ne masu yabon ta da masu tsine mata hoto ɗaya suka yi amfani da shi, kuma babu wanda ya nemi jin ta bakinta a cikinsu, har da ni da nake cin abincinta. 'Yan uwana, ko wane ɓangare kuke a wannan gardamar, ku yi ta da bakinku da rayuwarku, kada ku ɗauko ta wani ku kafa hujja da ita. Rufe fuska ba ya ɓoye talaka, domin wurin aikinsa ɗaya ne, ɗakinsa ɗaya ne, kowa ya san hanyar da yake bi. Masu fasfo biyu in gardama ta yi zafi kashe waya suke yi su ci abinci. Sunan da aka yi awa biyu ana wasa da shi a ɗakin hira, a unguwa irin tamu katako yake zama a bayan mutum.

In akwai wanda ya san wata mata da ta koma gida daga Abuja da tsohuwa marar lafiya, ba ta faɗin dalili, don Allah kada ya tambaye ta komai. Ya ba ta aiki kawai, ta iya.